Filin golf na ciyawar roba

Filin golf na ciyawar roba ƙaramin dandali ne da ake shimfiɗa wa ciyawar da aka ƙera a masana'anta, domin koyon mirgina ƙwallo zuwa cikin rami. Yana kwaikwayon sashen ƙarshe na kowane rami a babban filin golf, wanda a Turance ake kira putting green. Ana yin sa a bayan gida, ko a harabar otal da makaranta, musamman a wuraren da rayar da ɗanyar ciyawa ke da wuya. Ingancinsa ya fi dogara ga daɓen da ke ƙarƙashi fiye da ciyawar da ido ke gani.

Tarihi

Kamfanin Monsanto na ƙasar Amurka ne ya fara ƙera ciyawar roba a shekarun 1960. Ta yi suna a shekarar 1966, lokacin da aka shimfiɗa ta a filin wasa na Astrodome da ke birnin Houston, bayan ɗanyar ciyawar filin ta mutu saboda rashin isasshen hasken rana. Daga nan ta samo sunan AstroTurf. Daga baya ta shiga wasannin hoki, ƙwallon ƙafa da golf. A Najeriya, filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas yana cikin waɗanda aka buga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a kan ciyawar roba a shekarar 2009.

Matsalar ciyawa tsohuwa ce ga 'yan golf a Arewacin Najeriya. Saboda tsawon rani da ƙarancin ruwa, tsofaffin filayen golf na zamanin Turawan mulkin mallaka sun riƙa amfani da yashi da aka cuɗa da baƙin mai a kewayen rami. Ana kiran irin wannan wuri brown, kuma akan share shi kafin ɗan wasa ya buga ƙwallo. Ciyawar roba wata hanya ce ta magance wannan matsala ba tare da ban ruwa ba.

Kayan aiki

Ana yin zaren ciyawar da nailan ko wasu nau'o'in roba irin su folifirofilin. Wadda ake sa wa filin golf gajeriya ce kuma a cushe take, tsayinta yakan kama daga milimita 10 zuwa 16, ba kamar ta ƙwallon ƙafa ba wadda ta fi ta tsawo sosai. Sauran kayan sun haɗa da tsakuwa, garin dutse, busasshen yashi mai laushi, gam, dogayen ƙusoshi, da kofin rami. A dokar golf, faɗin rami milimita 108 ne, zurfinsa kuma bai gaza milimita 101.6 ba.

Yadda ake shimfiɗawa

Da farko ana zaɓar wurin da ruwa ba ya kwanciya, nesa da bakin indararo. Sai a shata siffar filin, a haƙe ƙasar sama kimanin santimita 10 zuwa 15, a tsince saiwoyi da duwatsu.

Daga nan sai aikin daɓe, wanda shi ne ginshiƙin komai. Ana zuba tsakuwa kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa, ana dannewa da inji ko da madaɓi, kafin a ƙara wata. A sama ana bi da garin dutse a lailaye shi. Aikin ya yi kama da daɓen ɗaki na gargajiya, sai dai da bambanci guda: daɓen ɗaki ana so ya hana ruwa shiga, wannan kuwa ana so ruwa ya ratsa shi ya wuce. Shi ya sa ba a sa laka a ciki. Ana barin gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. In ta wuce santimita 3, ƙwallo ba za ta riƙa tsayawa kusa da rami ba. Duk wani ɗan tudu ko kwari da aka bari a daɓen zai karkatar da ƙwallo, kuma ba ya gyaruwa sai an ɗaga ciyawar.

Bayan an binne kofin ramin daidai da fuskar daɓe, sai a warware ciyawar a bar ta ta sha rana don ta miƙe. Idan za a haɗa ƙyalle biyu, dole zarensu ya fuskanci gefe ɗaya. Ana manne mahaɗar da gam, a kafe gefuna da ƙusa, a yanke bakin rami da wuƙa mai kaifi. A ƙarshe ana barbaɗa yashi a shigar da shi cikin zaren da buroshi. Yashin ne ke danne ciyawar, yawansa kuma yana shafar gudun ƙwallo. Ana auna wannan gudu da wani ma'auni mai suna Stimpmeter, wanda Edward Stimpson ya ƙirƙiro a shekarar 1935.

Yanayin kudancin Katsina

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna kudancin Jihar Katsina, inda damina ta fi ta arewacin jihar ƙarfi, amma rani yakan ɗauki kusan rabin shekara. Irin wannan yanayi yana kawo abubuwa uku da mai shimfiɗa fili zai lura da su. Ruwan watan Agusta yana iya zaizaye daɓen da ba a yi masa magudana ba. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofofin da ruwa ke bi, don haka sai an riƙa sharewa. A bazara kuwa, roba tana ɗaukar zafi har ta haura digiri 60 a tsakar rana, abin da ke iya ƙona tafin ƙafar yaro. Inuwa da yayyafa ruwa suna rage zafin na ɗan lokaci. Gara ba ta cin roba, amma ramukanta na iya sa daɓe ya lotsa.

Amfani da illa

Ciyawar roba ba ta buƙatar yanka, taki ko ban ruwa na kullum, amma kuɗin farawa yana da yawa. Garwashi da tokar murhu mai zafi suna narkar da ita, kuma kashin awaki da kaji ba ya ruɓewa a kanta kamar yadda yake yi a ƙasa, sai an wanke. Idan ta tsufa, zaren yana karyewa ya zama ƙananan ɓurɓushin roba da ruwa ke kwashewa zuwa gonaki da rafuka. A shekarar 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana sayar da ɓurɓushin robar da ake zubawa a filayen wasa daga shekarar 2031. Filayen golf na gida galibi yashi ake zuba musu, don haka wannan doka ba ta shafi yawancinsu ba.