Masu Kwana a Ƙarƙashin Gada a Abuja: Su Wanene, Kuma Me Ya Kawo Su?

Duk wanda ya bi tsakiyar Abuja da asuba zai ga mutane suna naɗe kwali da tabarma a ƙarƙashin gada, a tashoshin mota da cikin kangaye. Da yawanmu mukan ɗauka mabarata ne ko masu taɓin hankali. Akwai irinsu, amma a cikinsu akwai lebura, mai gadi, mai tura baro, har da ƙaramin ma'aikaci mai albashi.

Babban dalili shi ne haya. A Abuja mai gida yakan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, wani ma shekara biyu, ga kuɗin dillali da na lauya a kai. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Mai irin wannan samu zai iya biyan ɗaki wata-wata, amma tara na shekara ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa talakawa suka koma Nyanya, Mararaba, Kubwa da Suleja suna shigowa aiki kullum. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Sai wasu suka ga gara su kwana kusa da wurin aiki, ko ina ne, su je gida ƙarshen mako. Wanda aiki ya kuɓuce masa kuwa, kwanan waje ya zama zamansa.

Akwai kuma waɗanda rikici ya koro. Tun 2014 da Boko Haram ta kama Gwoza, mutane suka gudo suka kafa bukkoki a Durumi da New Kuchingoro, kuma da yawa daga cikinsu masu bi ne. Rusau yana ƙara yawan marasa matsuguni: idan aka rushe unguwar talakawa, mazaunanta ba sa ɓacewa, wuri kawai suke canzawa. Haka kamen mabarata da gwamnatin birnin ta sanar a Oktoba 2024 zai iya share titi, amma ba ya ba kowa ɗaki.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wurin kwana a matsayin ƙaramin abu ba. A Fitowa 22:26-27 an umarci wanda ya karɓi mayafin matalauci jingina ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi yake rufa da dare. Bashin yana nan, amma barcin mutum ya fi shi nauyi a gaban Allah. Ishaya 58:7 ya sa shigar da marasa gida cikin gidajenmu a cikin azumin da Ubangiji yake karɓa. A Matiyu 8:20 kuma Ubangijinmu da kansa ya nuna ba shi da wurin sa kansa.

Wani zai kawo 2 Tasalonikawa 3:10 a kan wanda ba ya aiki. Manzo Bulus yana magana ne a kan wanda ya ƙi aiki da gangan. Mutumin da ya yini yana ɗaukar bulo, dare ya yi ya rasa ɗaki, ba shi ake nufi ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne masu gidajen haya da yawa a majami'unmu suke sujada, wasu ma dattawa ne. Mai gida mai bi zai iya karɓar haya wata-wata ko wata uku-uku, ya kuma yi haƙuri da gwauruwa kafin ya fitar da kayanta. Ba mu ce ya yafe haƙƙinsa ba, shi ma yana da iyali. Ikilisiyoyin karkara kuma, kafin su sallami saurayi mai tafiya birni neman kuɗi, su tambaye shi inda zai sauka, su ba shi takarda zuwa ga faston da ke can. Zumuntar Mata da dikinoni su san wa ke zuwa sujada ranar Lahadi daga kango, domin kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Asusun taimako da zai cike wa mutum kuɗin hayar farko, ya riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan, abu ne da majalisar ikilisiya za ta iya zartarwa a zamanta na gaba.