Me Ya Sa Muryarka Ke Rawa Idan Aka Miƙo Maka Makirufo?

A Facebook kai zaki ne. Kana iya kayar da mutum goma a muhawara kafin shayinka ya huce. Amma ranar da aka kira ka intabiyun neman aiki, ko aka ce ka tashi ka yi jawabin godiya a walimar abokinka, sai baki ya bushe, gwiwa ta fara kaɗawa, murya ta koma 'yar siririya kamar ta aro. Ke ma 'yar'uwa, kin san zancen.

Abin da za ka faɗa yana nan a kanka, numfashi ne ya kufce maka. Da zarar jiki ya ji kamar akwai barazana, sai ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ragu, numfashi ya gajarce ya tsaya a saman ƙirji. Ita kuwa murya iska ce da ke tasowa daga huhu, ta kaɗa wasu tantani biyu a maƙogwaro. In iskar ta zo a guntule, haka muryar za ta fito. Shi ya sa kake haɗiye ƙarshen magana, kana sauri kamar an biyo ka.

Har sarki abin bai bari ba. Sarki George na 6 na Ingila ya yi fama da i'ina tun yana yaro. A 1925, kafin ya hau mulki, ya yi wani jawabi a Wembley wanda ya zame masa abin kunya. A shekarar da ta biyo ya fara zuwa wurin Lionel Logue, mutumin Ostireliya mai koyar da magana, wanda ya ɗora shi kan atisayen numfashi kullum. Ranar 3 ga Satumba, 1939, da Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus, sarkin ya yi wa jama'a jawabi ta rediyo, takardarsa ɗauke da alamomin wuraren da zai dakata. Labarin ne aka yi fim ɗin The King's Speech a kai a 2010.

Mu wannan dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Saurari mai tilawa a musabaƙa: ya san inda zai yi waƙafi tun kafin ya isa wurin, don haka numfashi ba ya yanke masa a tsakiyar aya.

To gwada yau da daddare. Kwanta rigingine, ɗora wayarka a kan cibiya, ka shaƙi iska ta hanci har wayar ta ɗaga, sannan ka sake ta a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. Ranar taro kuma, ka tsaya da ƙafafu a ɗan ware, kada ka ƙame gwiwa, ka sauke kafaɗa. Ka numfasa tukuna kafin sallama. Shirun daƙiƙa biyu a wurinka kamar shekara ne, masu sauraro ko lura ba sa yi.

Sai ka ɗauki muryarka a WhatsApp ka saurara. Za ka ji ta wani iri, kowa ma haka yake ji, don ka saba jin ta ta ƙasusuwan kanka, inda take ƙara kauri.

Wani abu kuma: za ka ci karo da masu bidiyon ƙarfafa gwiwa suna cewa kalmomi kashi 7 ne kacal na magana, murya 38, jiki 55. Alƙaluman sun fito ne daga binciken Albert Mehrabian na 1967, wanda aka yi da kalma ɗaya-ɗaya kan yadda ake gane so ko ƙi, kuma shi kansa ya ce ba su shafi kowace irin magana ba. In ka je intabiyu ba ka yi shiri ba, tsayuwar soja ba za ta amsa maka tambaya ba, malam.