Sanyi da asuba, zafi da azahar: Lafiyar yara tsakanin hunturu da ruwan farko a Khaddamari

Uwargida, idan a Khaddamari kike ko wani gari na Ƙaramar Hukumar Jere, ko ma cikin Maiduguri, kin san irin ranar da zan ba ki labarinta. Ƙarshen Fabrairu ne ko farkon Maris. Kin tashi da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa, kin naɗe ɗan makaranta cikin rigar sanyi da hula da safa. Kafin azahar ya dawo da rigar ɗaure a ƙugu, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yana neman ruwan sanyi. An yi kwana uku ana zafi, kowa ya ce hunturu ya yi sallama, aka ninke barguna aka sa a akwati, aka fito da tabarmi tsakar gida. A dare na huɗu iska ta juyo, hazo ya rufe gari, gari na wayewa gida ya ɗauki tari daga babba har yaro.

Mutanen Turai suna da irin wannan rikicin a watan Maris, inda ruwa da iska da dusar ƙanƙara mai narkewa ke haɗuwa a yini ɗaya. Mu namu ƙura ce da iska da sanyin da ba ya sallama, sai can gaba hadari da guguwa, wani lokacin har da ƙanƙara. Abin da nake so ki riƙe shi ne, a waɗannan watanni ba da sunan wata ake yi wa yaro shiri ba, da sa'a ake yi. Abin da ya dace da shi ƙarfe shida na safe zai iya cutar da shi ƙarfe ɗaya na rana.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Iskar rani a Borno ba ta da laima, sama kuma babu gajimare, don haka ƙasa tana ɗaukar zafi da sauri da rana, ta sake shi da sauri da dare. A Fabrairu da Maris tazarar da ke tsakanin zafin rana da sanyin asuba a yankin Maiduguri takan doshi digiri 20. Ƙurar kuwa yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi kamar toka. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta, Borno kuma tana bakin ƙofa. Shi ya sa ko bayan an ce hunturu ya wuce, iska na iya kaɗawa can, kwana ɗaya ko biyu ki ga hazo a kanki.

Manomin rani da ke sammako zuwa fadamar Jere, inda ruwan kogin Ngadda ke bajewa ana noman shinkafa, ya san dabarar tun da daɗewa: riga kan riga, yana cirewa ɗaya bayan ɗaya rana na ɗagawa. Haka za ki yi wa yaro. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi ƙatuwar rigar sanyi guda, wadda in ya cire ta ya koma tsirara, in ya bar ta ya dahu. Jariri kuma a kansa yake zubar da ɗumi mai yawa, don haka hula da asuba, a cire ta in hantsi ya yi. Kada ki auna shi da tafin hannu ko ƙafa, waɗannan kullum da ɗan sanyinsu. Sa hannunki a ƙirjinsa ko bayan wuyansa. In akwai gumi, kayan sun yi yawa. Wankan jariri ma a ɗaga shi zuwa hantsi, ko da kaka za ta ce a zamaninsu da asuba ake yi.

Bargo kuwa, a bar guda a waje har Afrilu. Ba ya cin abinci.

Akwai wani abu da ba zan wuce shi ba. In sanyi ya dawo ba shiri, wasu gidajen sukan shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari, ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, daga nan ba a farkawa. Maigida, wannan aikinka ne: kasko ya fita kafin a kwanta, janareta kuma ya yi nesa da taga.

Mura ce ko ta wuce mura?

Sanyi da kansa ba ya haifar da mura, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Amma busasshiyar iska da ƙura suna busar da lallausar fatar da ke cikin hanci da maƙogwaro har ta tsattsage, abin da ya sa haɓo ke yawa a wannan lokaci. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan man kaɗanya a bakin hanci da leɓe, yayyafa ruwa kafin shara, da ƙyalle a hanci ranar da hazo ya yi kauri, ba ƙananan abubuwa ba ne. Mai asma kuma abin shaƙarsa ya kasance a aljihu, ba a gida ba.

Mura zalla, wato majina da atishawa da ɗan zazzaɓi, yaro yana wasa yana cin abinci, takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Ruwa, nono, hutu, da farasitamol gwargwadon nauyinsa sun isa. Zuma tana sassauta tari, amma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Kafso da sirof na kashe ƙwayoyin cuta da ake karɓowa a kemis ba tare da an duba yaro ba, ba sa yi wa mura komai, sai dai su sa maganin ya daina aiki ranar da za a buƙace shi da gaske.

Inda ake tuntuɓe shi ne lokacin da mura ta gangara ƙirji ta zama nimoniya. A nan akwai gwajin da kowace uwa za ta iya yi da agogon waya. Ki bari yaro ya natsu ko ya yi barci, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40. In kuma kin ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to ba na gobe ba ne. Ku nufi asibiti mafi kusa a ranar, ko da dare ne.

Sai babbar, wato sanƙarau. Borno tana cikin zirin ƙasashe 26 da ya taso daga Senegal har Habasha, inda wannan cuta ke da lokacinta kamar amfanin gona: ta fara da rani, ta yi ƙamari wajen Maris da Afrilu, ta lafa in ruwa ya sauka. Ƙwayar cutar tana iya zama a maƙogwaron mai lafiya bai sani ba, ta bi tari da numfashi zuwa na kusa da shi. In ta sami tsagar nan da ƙura ta yi, sai ta shiga jini ta hau zuwa rigar ƙwaƙwalwa. Ɗaki ɗaya da mutum goma a ciki, taga a rufe saboda ƙura, shi ne gonarta. Kin kuwa san yadda shekarun gudun hijira suka cika gidajen Jere da Maiduguri da jama'a, ga makarantun kwana da tsangayu.

Manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000.  Daga Oktoba 2023 zuwa tsakiyar Maris 2024 an lissafa mutum 153 da suka rasu a jihohi bakwai, maƙwabciyarmu Yobe na ciki. A shekarar ce Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Tsohuwar allurar, MenAfriVac, nau'i ɗaya take karewa, kuma ita ce ta kusan kawar da shi daga yankinmu bayan an fara ta a 2011.

Alamomin su ne zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, sandarewar wuya, ƙin haske, ruɗewa ko jijjiga. Jariri ba ya nuna sandarewar wuya kullum. A gare shi ki duba maɗiga, ko ta kumbura ta yi tauri, da kuka mai ƙara da ba ya rarrasuwa, da ƙin nono. Sanƙarau yana iya kisa cikin sa'a 24. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka kamu, ɗaya kan fito da nakasa, kamar kurumta ko farfaɗiya. Maganinsa allura ce ta asibiti, kuma tana aiki in an zo da wuri. Na san jijjiga tana sa a fara tunanin iskokai, a nemi turare da hayaƙi. Ba zan yi miki gardama kan addu'a ba, amma a yi ta a cikin keke napep ana tafiya. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, za su tura ku Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Ki ɗauko katin rigakafi yau ki duba. A wata 9 ake yi wa yaro allurar ƙyanda da ta sanƙarau, a wata 15 a ƙara ta ƙyanda ta biyu. Ƙyanda ma 'yar wannan lokaci ce, kuma wadda aka fi mantawa ita ce ta biyun. Kyauta ake yi.

Daga nan bazara ta kankama. A Afrilu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, sai a koma kwana waje, wanda ya fi cunkoson ɗaki, muddin da gidan sauro. Yara su sha ruwa tun kafin su ce ƙishirwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nono kawai, a yawaita ba shi, uwar ce za ta sha ruwan a madadinsa.

Ranar da hadari ya haɗo

Wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni za ki ga gabas ta yi baƙi ko ja. Ruwan farko a ƙasar Borno ba ya zuwa shi kaɗai, iska yake turowa gaba. Bangon ƙura ne zai fara isowa, gari ya yi duhu da rana tsaka, kwanon rufi ya fara kuka, rassan darbejiya su kakkarye. Wani lokacin duk wannan hayaniyar ta ƙare a yayyafi kaɗan, washegari zafi ya dawo ya fi na jiya. Wani lokacin kuma ruwa ya zo da ƙanƙara, zafin ya faɗi cikin minti kaɗan, yaron da ke yawo ba riga ya koma rawar ɗari.

Yara suna son wannan rana fiye da kowa. Za su ruga tsintar ƙanƙara, su yi wanka a ƙarƙashin indararo. Ki riƙe su a ɗaki har iska da tsawa su wuce. Kwanon da iska ta ɗebo yana yanka kamar wuƙa, wayar lantarkin da ta faɗo ba a sanin ko da wuta a jikinta, gindin bishiya kuma ba mafaka ba ce in ana walƙiya. In sun jiƙe, a tuɓe musu a goge su a sauya kaya nan take. Ruwan farko da ya gangaro daga rufi kuwa wankin kwano ne, ƙurar wata bakwai da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru, a bar shi ya zube kafin a tara. In gudawa ta biyo baya, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba yaro kaɗan-kaɗan, ko a samo na leda da ƙwayar zinc a asibiti.

Maigida, naka aikin tun Afrilu yake, ba ranar hadari ba. Hau ka duba ƙusoshin rufi, ka sassare rassan da suka leƙo kan ɗakin kwana, ka yashe magudanar ƙofar gida. Gidajen da ruwan madatsar Alau ya shiga a ambaliyar 10 ga Satumban 2024, a sassan Maiduguri da Jere, su fi kowa lura, domin bangon da ya taɓa shan ruwa ya bushe yana iya zama a tsaye alhali gindinsa ya ci. In ka ga tsaga ta taso daga ƙasa, ko bango ya fara sakin jiki daga kusurwa, ka ɗauke shimfiɗar yara daga jikinsa tun kafin mai gini ya zo. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo kuma suna karanta na kwana-kwana. In an ce ana sa ran iska mai ƙarfi da yamma, a kwaso shanya, a ɗaure awaki, a kira yara daga wasa tun la'asar.