Tazarar Kuskure a Ƙuri'ar Jin Ra'ayi: Misali Daga Zaɓen Kano

Ƙuri'ar jin ra'ayi ita ce tambayar mutane kaɗan domin a gane nufin masu yawa, kamar yadda mai sayen gero kan ɗebi cikin tafi ya yi wa buhu duka hukunci. Da yake ba kowa aka tambaya ba, lalle a sami ɗan saɓani tsakanin lissafi da gaskiya. Iyakar wannan saɓani ita masana ke kira tazarar kuskure.

In aka tsamo mutum 1,000 ta hanyar da kowa ke da dama daidai, tazarar takan zama kamar kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa, sau 19 cikin 20. Saboda haka in jarida ta ce wane yana da kashi 48, abokin takararsa 46, na farkon yana tsakanin 45 da 51 ne, na biyun kuwa tsakanin 43 da 49. Ba a san na gaba ba ke nan. Kafin tazarar ta ragu da rabi, sai an tambayi mutum 4,000.

Zaɓen gwamnan Kano na 2019 ya isa misali. Bayan zaɓen cike gurbi, hukumar zaɓe ta ba Abdullahi Umar Ganduje ƙuri'a 1,033,695, Abba Kabir Yusuf kuwa 1,024,713. Bambancin, watau 8,982, bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Tambayar mutum 1,000 ba ta iya hango irin wannan.

Sa'an nan tazarar ba ta auna kuskuren tsamo mutane. A cikin birni, in aka tsaya ga 'yan kasuwar Kurmi da mazauna dakali, an bar matan kulle na Yakasai da Mandawari, da waɗanda ba su faɗa wa baƙo cikinsu. Yawa kuwa ba ya maganin wannan. A Amurka, cikin 1936, mujallar Literary Digest ta tara amsa fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai ci, sai Roosevelt ya yi rinjaye mai yawa.

Abin tsoron shi ne, in aka shaida wa jama'a nasu ne a gaba alhali lissafi bai nuna ba, ranar da ya faɗi sai su ce maguɗi aka yi. Ya kamata malamai su saba wa ɗalibai da tambaya huɗu: mutum nawa aka tambaya, ta yaya aka tsamo su, nawa suka ƙi amsawa, wa ya biya kuɗin aikin.