Ko Kun Sani? Yadda Ake Gashin Ciwon Daji

Majinyacin da aka turo daga Rano ko Kibiya, ba a fara masa maganin ciwon daji sai an ɗan gutsuri tsokar wurin an auna, a ɗakin gwaji irin na Asibitin Malam Aminu Kano. In gashi ya kama, sai manyan cibiyoyi, kamar asibitin koyarwa na Shika, Zariya. Babu wuta, kuma ba a jin zafi lokacin: a yi wa fata alama, mutum ya kwanta tsit, na'ura ta saita wurin ciwon da hasken da ido ba ya gani na 'yan mintoci. Jelen ne wahala, don yawanci kwana 5 ne a mako, makonni a jere.