Ciwo Mai Daɗewa da Damuwa

Akwai ciwon da ba ya warkewa da wuri, kamar ciwon baya da sanyin ƙashi. In ciwo ya wuce wata 3, likitoci sukan ce ya zama mai daɗewa.

Mun san masu irinsa a garuruwanmu. Barci ya gagare su, noma ya gagara. Mutum ya daina fita dandali, ya zauna ɗaki shi kaɗai, har ya ce duniya ta ishe shi. Wannan ba ragwanci ba ne, ciwon damuwa ne. Damuwa tana ƙara zafin ciwo, ciwo kuma yana ƙara damuwa.

A shekarar 1979 wani malami a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya soma koya wa masu ciwo wata dabara ta mako 8. Mutum ya zauna shiru, ya sa hankalinsa ga numfashinsa. In tunani ya ja shi, sai ya komo da hankalinsa sannu, ba ya zargin kansa. Ciwon yana nan, amma tsoronsa yakan ragu.

Magana ma magani ce. A Zimbabwe an koyar da tsofaffin mata, suna zama kan benci a harabar asibiti, suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya.

Kada mu saya wa majinyaci Tramadol a kasuwa, yana kama jiki. In kuwa ya ambaci kashe kansa, mu kai shi asibiti ran nan. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Barnawa a Kaduna.