Alƙaluman Arlit Na Jiran Mai Fassara Su

Tun 1971 kamfanin SOMAÏR ke haƙo yuraniyom a Arlit. COMINAK ya fara nasa a Akouta a 1978, ya fitar da tan 75,000 kafin a rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tudun dusar ma'adinai mai kimanin tan miliyan 20. Duk wannan a rubuce yake, sai dai a cikin rahotannin Faransanci masu kauri, waɗanda mai shayi a garin Akokan bai taɓa gani ba.

Cike wannan giɓi shi ne aikin ɗan jaridar alƙaluma. Yakan tattaro lambobi daga rahotannin ITIE, shirin bayyana kuɗaɗen ma'adinai, da na ma'aikatar ma'adinai, ya jera su a Excel, ya daidaita su, domin wani ya yi lissafi da dala, wani da sefa. Sannan ya zana su da manhaja irin QGIS ko Datawrapper.

A 2009 Greenpeace ta ɗebi ruwa a yankin, cibiyar gwaji ta CRIIRAD da ke Faransa ta auna, aka samu huɗu cikin samfura biyar sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. A takarda, lamba ce kawai. A taswirar unguwanni kuwa, uwa za ta nemi inda gidanta yake. Haka dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai. Jadawali mai layi biyu, abin da ya kamata ya zo da abin da ya iso, ya fi dogon jawabi.

Akwai magabata. Moussa Aksar na jaridar L'Événement ya yi aiki da ƙungiyar 'yan jaridar bincike ta duniya, ICIJ, kan Panama Papers, cibiyar CENOZO ta Wagadugu kuma tana horar da masu bincike. Amma matashin da zai kama wannan sana'a ya tuna da masu karatunsa: zane mara nauyi da zai buɗe a ƙaramar waya ta WhatsApp, wanda za a iya bayyana shi a rediyo da Hausa da Buzanci.

A Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Tambayoyin ba su canja ba: nawa aka haƙo, nawa aka sayar, nawa ya dawo Arlit? Yanzu Yamai ce za ta amsa, kuma ana bukatar 'ya'yan Agadas da suka iya lissafi su yi tambayar.